KEKE ƊAYA, GAJIYA DABAN: ME YA SA WANI CINYA KE MASA TSAMI, WANI KUMA SHA-RAƁA?



 Darasin yau a kan hawan keke ne, kuma tambaya ce ta jawo shi. Wani bawan Allah mazaunin Rijiyar Lemo, mai tebur a Kantin Kwari, ya turo yana cewa tun da mai ya yi tsada ya jingine babur ya sayi keke. Shi da ƙaninsa suke karɓa-karɓa, yau shi, gobe ƙanin. Keke ɗaya, hanya ɗaya, su biyo titin Katsina su shigo Fagge. Amma shi gaban cinya da ƙoƙon gwiwa ne ke damunsa, har zaman tahiya ya fara yi masa wuya. Shi kuwa ƙanin gwiwarsa lafiya lau, sha-raɓa ce ke ɗaure masa cikin dare. An ce masa sanyin ƙashi ne, ya sha haɗin kemis, ya shafa man zafi, shiru. Sai yake tambaya: ciwo ne a jikina, ko keken ne bai karɓe ni ba?

Ba shi kaɗai ba ne. Keke tsohon abu ne a Kano, iyayenmu da shi suka yi kasuwa, har masana'antar haɗa keken Raleigh an taɓa yi a garin nan. Babur ne ya zo ya ture shi. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013 wasu suka waiwaye shi, da kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 sai magidanta da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Yanzu ka tsaya da safe a bakin Kwari, ko Singa, ko kasuwar Sabon Gari, za ka ga ɗan shekara hamsin da rabonsa da feda tun yana saurayi, ya hau ya ɗora kaya a kariya. Jikin da ya hau keke yana ɗan ashirin ba shi ne na yau ba.

To ɗan'uwa, abubuwa uku ne suke cakuɗewa a irin wannan koken: yadda jikinka yake raba aiki tsakanin tsokoki, yadda aka saita keken, sai kuma cuta ta gaskiya. Duk wanda bai raba su ba, zai yi ta shan magani a kan abin da sufana ce maganinsa, ko kuma ya yi ta gyaran sirdi a kan abin da likita ya kamata ya gani.

*Su wa ke juya feda?*

Ka ɗauki zagayen feda kamar fuskar agogo. Idan feda tana can sama, ƙarfe 12 ke nan. Idan ta zo gaba, ƙarfe 3. Can ƙasa, ƙarfe 6. Baya, ƙarfe 9. Kusan duk ƙarfin da ke tura keke yana fitowa ne daga ƙarfe 12 zuwa 6, wato lokacin da kake taka feda ƙasa, kuma ya fi yawa a wajen ƙarfe 3. Daga 6 zuwa 12 ƙafar komawa kawai take yi, sau da yawa ma ɗaya ƙafar ce ke ɗago ta.

Masu wannan aiki su ne tsokar mazaunai, tsokoki huɗu na gaban cinya, tsokokin bayan cinya, tsokokin sha-raɓa da ke haɗuwa a agara, da wata siririya a gefen ƙwauri mai ɗaga yatsun ƙafa sama. A 1986 wani mai bincike a ƙasar Suwidin, Mats Ericson, da abokan aikinsa sun lissafa rabon aikin a kan keken gwaji. Suka samu masu miƙe gwiwa, wato gaban cinya, suna yin kashi 39 cikin 100, masu miƙe ƙugu kashi 27, masu danna tafin ƙafa ƙasa kashi 20, masu lanƙwasa gwiwa kashi 10, masu lanƙwasa ƙugu kashi 4. Shi ya sa mafi yawan sababbin mahaya gaban cinya ne ke fara yi musu tsami.

Amma ka lura, wannan lissafi matsakaici ne, an haɗa na mutane ne aka raba. Kamar a ce matsakaicin tsayin mazan unguwarku kaza ne. Ba zai sa tela ya ɗinka wa kowa riga da awo ɗaya ba.

*Abin da aka gano a Faransa*

Akwai na'urar da ake kira EMG. Ka san yadda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji idan za a yi awon zuciya? To haka ake manna su a kan tsoka, sai na'urar ta nuna lokacin da tsokar ta fara aiki, lokacin da ta saki, da kuma ƙarfin saƙon da ƙwaƙwalwa ta aiko mata. Domin tsoka ba ta motsi da kanta, sai an aiko mata umarni ta jijiya.

Wani masani Bafaranshe, François Hug, ya daɗe yana wannan bincike a kan masu keke. A 2004 shi da abokansa suka auna ƙwararrun 'yan tseren keke, mutanen da sana'arsu ke nan, horonsu kusan iri ɗaya, ƙarfin numfashinsu kusan ɗaya. Ana zaton tunda sun goge, duk sun koma tuƙi iri ɗaya. Sai aka ga ba haka ba: kowa da yadda yake raba aikin tsakanin tsokokinsa.

A 2008 suka sake da gogaggun mahaya 11, wannan karon suka sa feda mai auna ƙarfin taku, tare da wayoyi a kan tsokoki 10. A nan ne abin ya ba da mamaki. Ƙarfin da ke sauka a kan feda lokacin takawa ƙasa kusan iri ɗaya ne a wurin dukkansu, amma tsokokin da suka samar da ƙarfin sun bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum.

Bari in ba ka misali da abin da ka saba gani. 'Yan dako biyar sun ɗaga dilar atamfa za su loda a mota a Kwari. Kai da ke tsaye a gefe, dila kawai ka gani ta tashi ta shiga mota. Wani rukunin biyar ɗin ma ya ɗaga irin ta, ta shiga daidai. Amma a rukunin farko na ɓangaren dama ne ya fi ɗaukar nauyin, a na biyu na tsakiya ne. Da yamma a rukunin farko na dama ne zai nemi ruwan zafi, a na biyu na tsakiya. Haka ƙafarka take. Tsokokin da ke cikinta sun fi abin da ake buƙata don juya feda yawa, don haka ƙwaƙwalwa tana da hanyoyi da dama na raba aikin, kuma kowace ƙwaƙwalwa da hanyar da ta zaɓa ta zauna a kai.

Wani abin lura kuma, bambancin ba a ko'ina yake daidai ba. Akwai tsokokin da gaɓa ɗaya kawai suke tsallakewa, kamar manyan nan biyu na gefe da gefen gaban cinya, waɗanda gwiwa kaɗai suke miƙewa. Waɗannan kusan kowa lokaci ɗaya yake kunna su. Akwai kuma masu tsallake gaɓa biyu: ta tsakiyar gaban cinya da ta taso daga ƙugu ta wuce gwiwa, da ta saman sha-raɓa da ta taso daga bayan gwiwa ta sauka dunduniya. Su waɗannan ba turawa kawai suke yi ba, su ne ke karkata ƙarfin su kai shi inda ake so. A cikinsu ne, da kuma siririyar nan ta gefen ƙwauri, aka fi ganin bambanci. Wani yana kunna tsokar tsakiyar cinya tun ƙafar na tasowa daga baya, wani sai ta kusa kaiwa sama. Wani yana tuƙi da dunduniya a sauke, wani da yatsu a ƙasa kamar mai ɗage.

Sai a 2019 suka yi wanda ya fi girma. Mutum 80 aka auna suna tuƙa keke da kuma tafiya a ƙasa, da wayoyi a kan tsokoki 8. Aka ba kwamfuta sakamakon ta koya, sannan aka riƙa ba ta wani sabon awo babu suna, a ce ta faɗi na wane ne. A awon tuƙin keke na rana ɗaya ta gane mai shi sama da sau 99 cikin 100. Mutum 53 daga cikinsu suka dawo wata rana daban aka sake manna musu wayoyi, ta sake gane su kusan sau 90 cikin 100. Ma'ana, yadda kake motsa tsokokinka a kan keke tamkar sa hannunka ne, kuma ba ya canzawa daga yau zuwa gobe.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne in ka duba. Almajirai ashirin a gaban malami ɗaya, tawada ɗaya, alƙalami iri ɗaya, amma malam yana ganin allo zai ce wannan rubutun wane ne. Kai ma tun daga bakin layi, da duhun magariba, kana gane tafiyar ɗanka kafin ka ga fuskarsa.

Me ke kawo wannan? Tsayin ƙashin cinya da na ƙwauri ba ɗaya ba ne a wurin kowa. Girman kowace tsoka ya bambanta. Zaren da ke cikin tsokar ma iri biyu ne a dunƙule: mai juriya da ba ya saurin gajiya, da mai ƙarfi da sauri amma mai saurin sarewa. A cinyar wani mai juriyar ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, a ta wani kuma mai saurin, kuma gado yana da hannu a ciki. Sai tarihin jiki: wanda ya taso yana noma ko turin kura, da wanda ya shekara ashirin a zaune a shago, da wanda ya taɓa targaɗe a idon sawu yana yaro jiki ya koyi kare wurin har yau bai daina ba.

Don haka in kai cinya ce ke fara gajiya, ƙaninka kuma sha-raɓa, wannan kaɗai ba alamar cuta ba ce. Kuma kada wani ya ce maka dole sai ka tuƙa kamar yadda shi yake tuƙawa. Ƙwararrun duniya ma ba su daidaita ba.

*Inda keken yake da laifi*

A nan ne nake so mu daɗe, domin a ganina yawancin ciwon gwiwar masu keke a garin nan daga nan yake, kuma gyaransa bai kai kuɗin katin magani ɗaya ba.

Ka duba masu keke a titin Ibrahim Taiwo ko Murtala Muhammad. Mafi yawansu sirdi a ƙasa yake sosai, gwiwa na tasowa kamar za ta taɓa kan keken. Akwai dalili: cunkoso. Tsakanin adaidaita sahu da masu kura da manyan motoci, mutum yana so ko yaushe ya iya dire ƙafa biyu a ƙasa yana zaune. Ban ga laifinsu ba. Amma idan sirdi ya yi ƙasa, gwiwa tana lanƙwashe sosai a daidai lokacin da kake danna feda da ƙarfi, sai ƙoƙon gwiwa ya riƙa matsuwa a kan ƙashin cinya. Ka lissafa: idan kana juya feda sau 60 a minti, tafiyar minti 30 juyi 1,800 ke nan a kowace gwiwa, zuwa kawai, ban da dawowa. Wanda dama jikinsa a gaban cinya yake jibga aiki, shi ne zai fara jin ta a ƙoƙon gwiwa. Sai ya zo hawa bene ko tashi daga sujada ya ji kamar an soka masa abu.

Idan kuma sirdi ya yi sama da yawa, ƙafa tana miƙewa tana neman feda, mutum ya koma tuƙi da kan yatsu, ƙugu na karkata dama da hagu. Nan bayan gwiwa, bayan cinya, sha-raɓa da agara ne za su biya.

Ka ga inda matsalar 'yan'uwan nan biyu take iya kasancewa? Keke ɗaya, sirdi a wuri ɗaya, ƙafafu biyu masu tsayi daban. Idan yayan ya fi tsawo, sirdin ya yi masa ƙasa. Idan ƙanin gajere ne, sirdin nan dai ya yi masa sama. Saiti ɗaya ya cuci mutum biyu, kowa ta inda jikinsa ya fi ɗora nauyi. Haka yake faruwa a gidajen da uba da 'ya'ya suke hawa keke ɗaya, a aiki yaro cefane da keken babansa yana miƙa ƙafa da ƙyar.

Ga yadda za ka auna. Jingina da bango, ka zauna daidai a kan sirdi. Juya feda ta koma can ƙasa, ƙarfe 6. Ɗora dunduniyarka a kanta. Ya kamata ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. In gwiwa na lanƙwashe, sirdi ya yi ƙasa. In dunduniya ba ta kai ba, ya yi sama. Idan ka daidaita haka, sannan ka mayar da tudun tafin ƙafa, wurin nan na bayan yatsu, kan feda kamar yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Masana suna cewa lanƙwasar ta kasance tsakanin digiri 25 zuwa 35. Ka ga su ma tazara suka bayar, ba lamba ɗaya ba, saboda wannan bambancin da muke magana a kai. A cikin tazarar kai ne za ka nemo wurinka: mai ciwon gaban gwiwa ya ɗan ƙara sama, mai ciwon bayan gwiwa ko agara ya ɗan rage.

Kada ka ɗaga da yawa lokaci guda. Rabin santimita zuwa santimita ɗaya, ka hau kwana uku ko huɗu, ka ji abin da jiki zai ce, sannan ka ƙara. Tsokoki sun saba da tsohon saiti, in ka yi musu sauyi babba a rana ɗaya sabon tsami za ka jawo. Batun cunkoso kuma, ba sai tafin ƙafa biyu sun kwanta a ƙasa ba. Ya isa kan ƙafa ɗaya ya taɓa ƙasa in ka ɗan karkata keken, in tsayuwar ta yi tsawo ka zamo gaba ka sauka daga sirdi. Mai ɗaukar kaya masu nauyi a kariya ya bar shi a ƙarshen ƙasa na tazarar, don faɗuwa a tsakiyar Singa ta fi ciwon gwiwa.

In keken na gida ne, kowa ya sa alamarsa a jikin ƙarfen sirdi, da fenti ko salatif, a ajiye sufana a wuri ɗaya. Minti ɗaya ne. Amma ka duba, a jikin ƙarfen akwai layin da kamfani ya yi, wanda bai kamata a zaro shi ya wuce nan ba. In sai ka wuce layin kafin ƙafarka ta miƙe, keken ne ya yi maka kaɗan.

Feda ma a duba ta. Kekuna nawa ne a garin nan robar feda ta cinye, saura ƙarfen tsakiya kawai, mutum na taka shi da silifas? Ƙafa ba ta samun wurin zama, yatsu suna ƙanƙamewa don kada silifas ya zame, tsokokin tafin ƙafa da sha-raɓa suna aikin da ba nasu ba. In hannun feda ya lanƙwashe saboda faɗuwa, gwiwa za ta riƙa murɗawa a kowane juyi. Ka kai wa mai gyara ya canza. Inda kake ɗora ƙafa shi ma yana sauya rabon aiki: da tudun tafin ƙafa sha-raɓa tana aiki sosai, in ka matsar da ƙafar gaba feda ta koma wajen tsakiyar tafi, aikin sha-raɓa da agara yana raguwa. Mai fama da ɗaurewar sha-raɓa ya gwada wannan, amma ya ɗan sauke sirdi kaɗan, don ƙafar ta rage tsawo ke nan.

Sai nauyin tuƙi. Mutanenmu suna son giya mai nauyi, a taka sau ɗaya keke ya yi nisa, ana ganin shi ne ƙarfi. Ga gwiwa kuwa gara juyi mai sauƙi da yawa a kan taku mai nauyi kaɗan. In kekenka mai giya ne, sassauta ta, musamman wajen tashi daga tsayuwa da hawan gada. In marar giya ne irin na da, to ka cika iskar taya, ka sa wa sarƙa mai, kuma in kaya sun yi nauyi a hawa, sauka ka tura. Babu abin kunya a ciki. Mai hawan jini ya ƙara kiyaye wannan, domin yunƙuri da riƙe numfashi yana ɗaga jini a lokacin.

Uwargida mai keken motsa jiki a ɗaki, duk wannan ya shafe ki. Sau da yawa likita ya ce a motsa jiki saboda suga ko ƙiba, a sayo keken, a hau kwana biyar a saitin da ya zo da shi daga shago, gwiwa ta kama, a mayar da shi wurin rataye hijabi. Ki auna da dunduniya kamar yadda aka faɗa, ki fara da minti 10 babu nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga babba, amma a hankali ake kaiwa can. Kuma kada ki auna kanki da maƙwabciya.

*Tsami, da abin da ba tsami ba*

Tsamin jiki na sabon shiga sananne ne: yana zuwa washegari, ya fi tsanani a kwana na biyu, ya tafi cikin kwana uku zuwa biyar. A cikin naman tsoka ake jinsa, ƙafa biyu, kuma yana raguwa in jiki ya saba. Ruwan ɗumi, tausa da man zaitun ko man habbatus sauda, barci isasshe, da ci gaba da motsi kaɗan-kaɗan sun wadatar. Ɗaurewar sha-raɓa kuma ta fi zuwa wa tsokar da aka gajiyar fiye da sabonta, zafi da gumi suna ƙara ta. In ta kama, miƙe ƙafar ka jawo yatsu wajen fuskarka har ta saki.

Amma gaskiya ɗaya ce: tausa da mai tana sanyaya tsoka, ba ta ɗaga sirdi. Ƙaho ma haka. In sababin yana nan, kullum da safe kana sake jawo ciwon da ka shafe da dare.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin kemis. Yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci duka biyun. Mutum ya sha da safe ciki babu komai, ya hau keke a ranar Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40, ya yi gumi, bai sha ruwa ba. Irin waɗannan magunguna suna cin bangon ciki su tayar da olsa, kuma suna wahalar da ƙoda, musamman in jiki ya bushe, ko mutum na da hawan jini ko suga. Ga shi sun rufe bakin ciwon, sai ka ci gaba da murza gwiwar ba ka ji. Tiramol kuwa kada ma a fara. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe gora. Da azumi ka kauce wa tsakar rana iyakar iyawarka, ka rage gudu da kaya. Mai suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga sosai ya riƙe dabino a aljihu, don tsoka mai aiki tana zuƙe suga daga jini, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi ya tsaya ya ci.

Akwai kuma alamomin da ba na sirdi ba ne, ba kuma na bambancin halitta ba. Ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashi ya ƙwace fiye da ƙima, ko jiri: sauka nan take, a tafi asibiti. Sha-raɓar da ke kamawa duk lokacin da ka yi ɗan nisa, a keke ko a ƙafa, ta saki in ka tsaya minti kaɗan, ta sake dawowa a daidai wannan nisan, musamman ga mai suga, mai shan taba ko dattijo: wannan yana iya zama toshewar hanyar jini ce a ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo ko kana zaune: kada a yi mata tausa ko kaɗan, yana iya zama gudan jini, a je asibiti a ranar. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan wahala mai tsanani, tare da ciwon tsoka sosai: shi ma na gaggawa ne, ƙoda ce ke cikin haɗari. Gwiwar da ta kumbura, ko take maƙalewa, ko take sarewa da kai. Ciwon da ke tasowa daga baya ya bi ɗuwawu ya sauka ƙafa kamar lantarki. Mai sikila kuma ya tuntuɓi likitansa tun kafin ya mayar da keke abin hawan kullum. Wanda ke shan maganin rage kitsen jini ya ga ciwon tsoka ya ƙi tafiya, ya gaya wa wanda ya rubuta masa, kada ya daina da kansa.

Ɗaya kuma da maza ke jin nauyin faɗa: sagewar gaba ko tsakanin cinyoyi bayan doguwar tafiya. Sirdi ne ke danne jijiya da hanyar jini a wurin. Kada bakin sirdi ya kalli sama, a daidaita shi ya kwanta, nauyinka ya zauna a kan ƙasusuwan mazaunai biyu, kana ɗan tashi tsaye a kan feda lokaci-lokaci. In ya ci gaba a canza sirdi, in bai daina ba a ga likita. Ba abin ɓoyewa ba ne.

Ga mai tambaya: ku auna sirdin nan da dunduniya, kai da ƙaninka, kowa ya sa alamarsa. A duba feda. Ka ajiye haɗin kemis. Ka rage nauyin tuƙi na mako biyu, in da hali ka riƙa hutar da gwiwar kwana ɗaya tsakani. Ƙanin ya gwada matsar da ƙafa gaba a kan feda, ya riƙa miƙe sha-raɓa a jikin bango kafin ya kwanta. In mako biyu zuwa uku sun wuce zaman tahiya bai yi sauƙi ba, ko gwiwar ta kumbura, ka je sashen gashin ƙashi, wanda ake ce wa fisiyo, a Asibitin Ƙashi na Dala, ko Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano. In za ka je, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe kana tuƙa keken, ka nuna musu.

Allah ya ƙara mana lafiya.